Awarwaron da Kika Mayar

Kontagora, 12 ga Mayu, 1969

Zuwa ga Marta, sanyin idona, inuwar kaɗanyata a tsakar rani, ruwan farkon damina a gonar da ta gaji da jira.

Jiya yayarki Agatha ta zo makarantarmu ta koyon aikin fasto, ta miƙo mini ƙulli a bakin ƙofa. Na kwance, sai ga awarwaron da na sa miki a hannu ranar da mahaifinki ya amince da ni. Ko kalma ɗaya ba ki haɗo ba. Wayyo Marta!

Na san laifina. Kin tuna ranar Ista a Ibeto, bayan sujada, da muka zauna a gindin tsamiyar gidanku? Na buɗe miki littafin tarihin ikkilisiya, na nuna miki hoton 'yan zuhudu na zamanin da, masu askin tsakar ka, waɗanda suka yi alkawarin ba za su taɓa aure ba, suka ƙare rayuwarsu suna kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu. Na ce waɗannan su ne suka ba Allah komai. Ina ta zuba kamar mai wa'azi a kasuwa, ban lura kin daina ɓare gyaɗar da ke cinyarki ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, sun burge ni, har na yi makonni ina tambayar kaina ko hanyarsu ce tawa. Kin ji haka a muryata tun kafin ni in ji. Amma rabin littafin kawai na karanta a lokacin. Yanzu mun kai zamanin gyaran ikkilisiya, inda fastoci suka yi aure, matansu suka buɗe gida ga baƙi da marasa lafiya a shekarun annoba. Duk macen da malaminmu ya ambata, fuskarki nake gani. Wa zai shiga ɗakin mai naƙuda a ƙauyen da za a tura ni? Wa zai gaya mini gaskiya ranar da wa'azina ya yi tsawo? Ina girmama waɗancan bayin Allah, amma ni ba a kira ni in bauta masa ni kaɗai ba.

Ranar Juma'a za mu rubuta jarrabawa. Asabar zan hau motar Ibeto da fartanyata, in shiga gonar mahaifinki in yi noman neman aure kamar yadda aka saba, awarwaron yana aljihuna. Ba zan aiko da shi ta hannun kowa ba. In kin yafe, ki kawo ruwa gona da kanki, zan tuɓe hula ki duba tsakar kaina. Gashina yana nan.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Tanimu Mailafiya