Ɓulallen Kwandon Jidda

Zuwa ga Maman Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinki, na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko lokacin da kike raye ma ba karanta rubutuna kike yi ba, miƙo min kike yi ki ce in karanta da bakina, wai kamar kaji ne suka yi tono a kai. To yau babu mai miƙo min, zan rubuta yadda na ga dama.

Gida lafiya lau. Ina nan unguwarmu ta Glenwood ban tashi ba. Ɗaliban da ke haya a maƙwabta sun sauya sau uku tun rasuwarki, kuma kowane rukuni ya fi na baya son kiɗa. Bashir da matarsa sun koma Pleasant Garden, can bayan gari, inda ko burodi za ka saya sai ka tada mota. Na koyi miyar kuka. Yaran suna ci saboda ladabi, ni kuma saboda yunwa.

Labarin autarki Jidda ne ya sa na ɗauki biro. Ta gama jami'a. Makon jiya ta ajiye min takardu biyu a kan teburin cin abinci. Ɗaya ta aiki ce a wani asibitin gashin ƙashi nan cikin Greensboro, albashi mai kyau, ga inshora. Ɗayar kwantiragi ce daga wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a Turai. Ta ce ba za ta sa hannu a ko ɗaya ba sai wadda na sa wa albarka, kuma kwana bakwai aka ba ta. Da Hausa ta faɗa, Maman Bashir, daga farko har ƙarshe. Kin san yarinyar nan, in ka ce mata ina kwana da Turanci take amsawa. Nan na gane maganar babba ce.

Kafin in gaya miki abin da na yanke, akwai laifin da na daɗe ina riƙe da shi.

Kin tuna kwandon da kika zo da shi daga Kano, wanda kike zuba albasa? Ranar da na dawo daga aiki na tarar kin yanke ƙasansa da wuƙa, kin ɗaure shi da waya a jikin bishiyar bayan gida, Jidda tana 'yar shekara tara tana ta jefa ƙwallo? Na yi faɗa ranar. Na ce wane irin wasa ne wannan, kwando ɓulalle, a jefa ya faɗo, a jefa ya faɗo, ba abin da ke zama a ciki. Bayan makonni biyu kwandon ya ɓace, na ce muku kurege ne ya ɗauke. Kika dube ni, kika yi addu'ar Allah Ya shiryi kuregen, Ya kuma ba shi lafiyar baya tunda har tsani yake hawa.

Ni ne kuregen. Na cire shi da safe kafin in tafi aikina na kai kaya, na tura shi ƙarƙashin safayar taya a bayan mota. Motoci uku na sauya tun daga lokacin, kuma duk wadda na saya sai na mayar da shi cikinta. Me ya hana ni yar da shi? Ban sani ba. Me ya hana ni mayar da shi kan bishiya? Wannan na sani, girman kai ne.

Ke kuwa ba ki sake ce min komai ba. Sai kika riƙa ɗaukar Jidda a bas, ku sauka a babbar tashar cikin gari ku hau wata, har wurin atisaye. Kika ɗinka mata ɗankwalin da ba ya zamewa in tana gudu, da dogon wando na ciki. Kina gaya min cewa a zauren wasan ba ku fi ku bakwai ba, har da mai shara, kuma in ta jefa ƙwallo kika rangaɗa guɗa sai alƙalin wasa ya waigo ya zaci gobara ce. Ina dariya, amma ban taɓa zuwa ba. A asibiti kika roƙe ni in je ko sau ɗaya. Sai bayan mun kai ki makwancinki na cika alkawarin.

Da kin ga mijinki ranar. Jidda tana jefawa na miƙe na kurma ihu na ce gol, kamar ina filin ƙwallon ƙafa. Ina ƙirga ɗaya-ɗaya da yatsu, allo kuma yana nuna arba'in da wani abu, na ce a raina injin nasu ya lalace. Bayan hutun rabin lokaci kuma na ga Jidda ta nufi ɗaya kwandon da gudu, na hau daka mata tsawa da Hausa cewa ta juya, gidansu za ta ci. Wata dattijuwa baƙar fata da ke kusa da ni ta ja min hannun riga, ta zaunar da ni, ta yi min bayani a hankali cewa sauya gefe ake yi. Ajin firamare huɗun da na yi bai kai nan ba.

Amma ina ma kin ga zauren nan a shekararta ta ƙarshe a jami'a. Cike yake maƙil. Sai na yi fakin can nesa na tako da ƙafa. Yara mata, farare da baƙaƙe, sanye da riga mai lambarta, suna layi ta sa musu hannu a takarda. Kin tuna Alhaji Sani, wanda ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce in ja wa iyalina kunne, 'ya mace ba ta tsalle-tsalle? Shi ne ya kira ni yana neman tikiti huɗu, wai 'ya'yansa mata sun hana shi sakat. Na samo masa. Ban tuna masa da komai ba, amma na bar shi ya yi godiya sau uku.

To, mu koma kan takardun. Da na duba albashin da ke cikin ta ƙwallo, sai na goge tabarau na sake dubawa, har na leƙa ƙarƙashin tebur ko wani sifili ya faɗo. Na tambaye ta, mutanen da ke cika zaure suna sayen tikiti, ga talabijin, ga talla, kuɗin ina suke tafiya? Ta ce haka abin yake, namijin da ke matsayinta ya ninka ta nesa ba kusa ba, har ma da mai zaman benci yana riƙe da tawul. Ta ce ko manyan 'yan wasa mata na ƙasar nan da yawa sai sun fita waje sun ƙara da wani wasan in an tafi hutu. Amma ta ce abin yana gyaruwa, na gaba da su suna ta matsawa a ƙara, kuma masu kallo sai ƙaruwa suke yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wannan zalunci ne, a ba ni adireshi in rubuta musu wasiƙa.

Ina cikin kumfar baki sai na tuna takalman kambas. Kin tuna na saya wa Bashir masu tsada, shi da ko ƙofar gareji aka ce ya jefa sai ya kuskure? Jidda kuwa tsofaffinsa take sawa, kina cusa mata safa biyu a gaba don kada su fita. Shekara huɗu haka. Ashe wanda ya fara ba ta ƙasa da namiji ba a wani ofis yake ba. A gidan nan yake, yana cin tuwonki. Wasiƙar da zan rubuta wa mutanen can, ga ta nan ina rubuta miki.

A rana ta shida na ɗauko kwandon daga mota, duk ya bushe ya karkace, na ɗora shi a kan takardun. Na sunkuyar da kai na gaya mata ni ne kuregen. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai tun ranar kika gaya mata, kika kuma ce kada ta tona, ta bar ni zan kawo shi da kaina. Shekara goma sha huɗu kuna jira na, ke da 'yarki? Haka ake yi?

Na sa wa takardar ƙwallon albarka. Satifiket ɗinta yana cikin akwati, ba abin da zai same shi, gwiwa ce ba ta jiran mutum. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba: ƙasar nesa, kuɗi kaɗan, ga rauni. Amma hankalina a kwance yake. Na kuma saya mata kambas sababbi, karo na farko a rayuwata. Sai da na tambayi matar Bashir lambar ƙafarta, don ban sani ba. Kwandon ta ce da shi za ta tafi.

Abu na ƙarshe. Shekara talatin ana kiran mu da sunan Bashir, har ma da shi na buɗe wannan takarda saboda sabo. Yanzu a masallaci an sauya min suna, kuma ina amsawa da sauri. Bashir bai yi fushi ba, ya ce shi ma a wurin aiki yayan Jidda ake ce masa. Ke kika fi cancanta da sunan, ke da kika yi guɗa lokacin da babu kowa a zaure.

Ki huta lafiya, Maman Jidda. Allah Ya gafarta miki, Ya sada mu a Aljanna.

Naki har kullum,
Habu, tsohon kurege, Baban Jidda