Auta Ta Je Zaɓe Da Katin Yayarta

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ƙulle. Babu wanda zan kai wa wannan magana a dangi ba tare da ta koma ta siyasa ba, shi ya sa na zo gare ki. In kin ga ina ta kwana-kwana ki yi haƙuri, haka zuciyata take yanzu.

Mijina ɗan siyasa ne. Ba wani babba ba, kujerar majalisar yankinmu ce ya nema, amma a gidanmu sai ki rantse mulkin duniya ake rabo. 'Ya'yanmu biyu, duka mata. Babbar tana ɗakin mijinta. Ƙaramar, wadda muke kira Auta, shekarunta sha shida, kuma a kanta nake rubuto miki.

Auta 'yar babanta ce, ni dai haihuwarta kawai na yi. Tun tana 'yar mitsitsiya yake saɓa ta a kafaɗa ya tafi da ita layin zaɓe. In ya fito da tawada a yatsa, kafin ta bushe sai ya goga mata a nata yatsan, ya ce ita ma ta jefa tata ƙuri'ar. Ta dawo gida tana ɗaga yatsa sama kamar mai ciwo, ta ƙi wanka don kada tawadar ta goge, mu kuwa mu yi ta dariya. Har ta girma ba su daina ba, duk zaɓe sai ya nemo ta ya shafa mata. Wallahi ban taɓa kawo komai a raina ba.

Wancan zaɓen da ya wuce ƙiris ya rage ya ci, abin kuma ya tsaya masa a rai. Bana kullum zancensa ɗaya ne a wajen cin abinci, wai ƙuri'a ɗaya ma tana kayar da mutum. To, ana gobe zaɓe yayar Auta ta haihu, kuma sai da aka yi mata aiki. Baban ya zo asibiti, ya ɗauki jikansa yana murna, ya ce da wasa wannan yaro ɗan adawa ne, bai tashi zuwa ba sai da ya ga zai cinye masa ƙuri'a ɗaya. Kowa ya yi dariya har da mai jegon. Yanzu da nake tunani, Auta ce kaɗai ba ta yi ba. Ni na ba ta jakar yayarta na ce ta kai gida ta dawo da wankakkun kaya, ashe katin zaɓen yana ciki.

Ranar zaɓe ina asibiti ina fama da mai jego da jariri. Yarinyar nan ta saka mayafin yayarta da takalmi mai tsini, ta zizara kwalli, ta tafi. Dama suna kama sosai, baƙo ba zai raba su ba. Ta bi layi tiryan-tiryan har gaban tebur. Sai ga shi wadda aka ɗora a kan duba katuna malamarsu ce ta lissafi, irin malaman makarantar da ake ɗauka aikin zaɓe. Wannan baiwar Allah ita ke tsayawa da Auta bayan an tashi tana maimaita mata darasi, don 'yata lissafi ba ya shiga kanta da sauƙi. Auta ta gaya min Malama ta dubi katin, ta dube ta, ta turo mata shi a hankali, ta ce mata ƙasa-ƙasa ta wuce gida kada ta waiwayo. Amma wakilin 'yan adawa yana tsaye a gefe, ya san gidanmu ciki da waje. Ya fizge katin ya ɗaga sama yana ihu. Kafin ka ce me, wayoyi sun tashi.

Na kalli bidiyon sau ɗaya, ba zan iya ƙarawa ba. 'Yata tana tsaye, takalmi ɗaya ya fita, maza sun kewaye ta suna ta sowa. Malama ce ta tashi ta rufe ta da jikinta, ta ja ta ta fitar da ita ta ƙofar bayan ajin da ake zaɓen a ciki.

Ko musu ba mu da bakin yi. Watannin baya da ta cika shekara, yaran jam'iyyarmu da kansu suka cika shafukan zumunta da hotonta, ga kek mai launin jam'iyya, ga sha shida an rubuta ɓaro-ɓaro, wai suna taya 'yar mai gida murna. Wannan hoton 'yan adawa suka ɗauko suka jera da bidiyon. Sun yi mata waƙa, Anti. Yara suna rera ta a bakin layinmu, wasu 'yan mata har kwaikwayon tafiyarta suke da takalmi ɗaya. Abin da ya fi ci min rai, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana wancan ɓangaren, shi ma ya yaɗa. Na kira shi ina kuka na ce 'yarka ce fa, ya ce shi ba da Auta yake ba, da ubanta yake, kuma da 'yar ɗan takararsu ce da mu ma mun yi fiye da haka. Kuma na san mutanenmu, da sun yi.

Mijina ya ci zaɓen da ɗan rinjaye kaɗan, 'yan adawa sun ce kotu za su tafi, kuma bidiyon ne babban makaminsu. Suna cewa in har 'yar cikinsa ya turo, to yaran wasu nawa ya turo? Namu kuwa da farko suka ce bidiyon haɗi ne. Da abin ya ƙi, suka koma cewa ai yaran wancan ɓangaren ma sun yi a wani wuri. Yanzu mai magana da yawun jam'iyya, wanda ake kira Lasifika saboda bakinsa, ya zo da tasa dabarar. Yana so a zaunar da Auta gaban kyamara ta ce ita katin kawai ta kai don ta tambaya ko za a ajiye wa yayarta, Malama ce ta ja ta gaban tebur da gangan, ta ƙyafta wa wakilin adawa ido. Wai Malama 'yar adawa ce da aka dasa. Har sun fara yaɗa hotonta suna zaginta, na ji an ce ta daina fita ko kasuwa. Ina ɗaki ina jin su a falo suna shan shayina suna tsara yadda 'yata za ta yi kuka a daidai wurin da ya kamata.

Kada ki ɗauka mijina mugu ne. Ranar da ya ga bidiyon ya shige banɗaki ya kunna famfo, amma na ji kukansa. Bai aike ta ba, na rantse. Sai dai bai ce wa Lasifika e ba, bai kuma ce a'a ba. Ni yake ce wa magana ce ta minti biyu, in kujerar ta tafi mutanen da suka sha rana dominsa fa? Tawadar tana nan a farcensa ba ta gama fita ba, kuma in Auta ta gifta sai ya tura hannun a aljihu. Tun ranar bai haɗa ido da ita ba.

Ita kuwa ta daina zuwa makaranta, ga jarrabawa ta matso. Tana ɗaki, abinci sai na tsaya a kanta, ta rame. Cewa take ita ta kashe Baba. Jiya ta ce min duk abin da suka rubuta za ta karanta in dai zai cece shi, sai kuma ta tambaye ni ko za a kori Malama daga aiki, ta fashe da kuka. Ni ma kukan na taya ta.

In na hana, a ce na haɗa kai da ƙanena na kayar da mijina. In na yi shiru, 'yata ta yi wa wadda ta rufa mata asiri ƙazafi. Ni ba 'yar kowace jam'iyya ba ce, uwa ce kawai, kuma babu mai jin maganata a gidan nan. Anti, yaya zan yi?

Uwar Auta

*

Uwar Auta, sannu. Na karanta wasiƙarki. Bari in fara da abin da ba zan iya miki ba, don kada in yaudare ki. Ba ni da yadda zan goge bidiyon nan, ba ni da yadda zan rufe bakin masu waƙa, kuma ban san hukuncin da kotu za ta yanke ba. Waɗannan sun fi ƙarfina, sun fi naki. Abu ɗaya ne har yanzu bai faru ba, kuma shi ne yake hannunki: kada Auta ta zauna gaban kyamarar nan.

Abin da ta yi laifi ne, kada ki ɓoye mata. Amma laifin yarinya ne mai son ubanta, wadda ta ji wasa ta ɗauke shi da gaske. Irin wannan ana tuba, a girma, a wuce shi. Wanda Lasifika yake shirya mata daban ne. Ƙarya ce da gangan a kan matar da ta tare ta da jikinta, kuma Auta za ta san haka duk ranar da ta tuna. Ko ta fuskar dabara ma shirme ne, domin bidiyon ya nuna wa kowa abin da Malama ta yi. Ranar da ƙaryar ta fashe, Lasifika zai koma gidansa ya kwanta, fuskar 'yarki ce za a sake yaɗawa.

Ba na ɗora wa mijinki abin da bai yi ba. Na yarda bai aike ta ba, kuma tsoron da yake ji na gaske ne. Mutum ya sha wahalar shekaru, ga jama'a sun rataya a wuyansa, ba abu ne mai sauƙi ba. 'Yan adawa ma suna da hakkin tambaya, tunda an ga ƙaramar yarinya a layi. Inda suka yi kuskure shi ne mayar da ita abin waƙa. Ƙanenki ki ƙyale shi da gardamar siyasa, ki roƙe shi abu guda, ya sauke bidiyon daga shafinsa a matsayinsa na kawu. Ko ya yi ko bai yi ba, kin sauke naki.

Ki nemi lauya wanda ba na jam'iyya ba, ya gaya muku matsayin yarinya mai ƙarancin shekaru a wannan hali, domin lauyan jam'iyya kujera yake karewa. Ki je gidan Malama da ƙafarki ki yi mata godiya, ki ba ta haƙuri, ki gaya mata gidanku ba zai yi mata ƙazafi ba. Ki ga shugaban makaranta a kan yadda Auta za ta rubuta jarrabawarta cikin natsuwa. Wayarta ta huta a wurinki na ɗan lokaci. Maganar da take yi cewa ta kashe babanta, da ƙin cin abinci, kada ki raina su. Ki kai ta ga likita, kada kuma ki riƙa barin ta ita kaɗai a ɗaki.

Sai maganar mai gidan. Kada ki tare shi a falo gaban mutanensa, a can ɗan siyasa ne. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa kalmomin Auta kamar yadda kika gaya min, cewa za ta karanta duk abin da aka rubuta don ta cece shi. Ki ce masa ke ba ki yarda ba, ko da za a kira ki 'yar adawa. Kin ce babu mai jin maganarki, amma ba a ɗaukar yarinya daga ɗakin uwarta in uwar ta tsaya a bakin ƙofa. In jam'iyya na son wanda zai yi magana gaban kyamara, ga shi nan, baligi ne. Ya fito ya ce 'yarsa ta yi kuskure, bai aike ta ba, kuma malamarta ta yi daidai. Mai yiwuwa hakan ya taɓa kujerarsa, ba zan ce miki ba zai taɓa ba.

Amma kafin duk wannan, akwai aikin da ba lauya ko likita da zai yi masa. Shi ya fara shafa mata tawadar nan tun ba ta san me ake nufi da zaɓe ba. Yanzu tana ganin yana ɓoye mata hannu, ta ɗauka ya fasa zama babanta. Ya fitar da hannun daga aljihu, ya shiga ɗakin, ya zauna kusa da ita ya ce mata bai mutu ba, kuma ba ya buƙatar ta cece shi. Wannan take jira tun ranar zaɓe.

Allah ya ba ki ƙarfin tsayawa, ya sanyaya zuciyar Auta, ya saka wa Malama da alheri. Ki gaida mai jego, Allah ya raya jaririn.

Anti