Saƙonnin Mahmud a Wayar Zuhura

Chetimari, ranar Alhamis

Aminina Liman,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya iyali, yaya ƙafar Baba? Mu nan tattasai ya nuna, ni ne dai ba ni da sukuni.

Ka san matata Zuhura tana kai kayan miya Assaga, wajen 'yan gudun hijira. Tun da ta fara, wayarta ba ta hutawa. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye maka ba. Na karɓi wayar da sunan gyara, na sa wani mai gyaran waya a kasuwar Diffa ya saka mata manhajar leƙen asiri. Yanzu duk saƙon muryar da ya shigo mata, ni ma ina ji.

Akwai wani Mahmud daga Maiduguri. Yana kiran ta sanyin idonsa, wai rabuwa ta ishe shi. Sau goma sha ɗaya na saurara a bakin kogin Komadugu, har man injin ban ruwa ya ƙare ban sani ba. Ita kuwa ta dawo da fara'arta ta zuba mini tuwo!

Ka gaida kowa.
Naka,
Zubairu

Chetimari, bayan sati uku

Uwargida Zuhura,

Ina gaishe ki da kewa. Yaya Inna da mutanen gida? Na rubuto a takarda tunda kin bar mini wayar kin tafi gidanku.

Yagana, wata 'yar gudun hijira daga Assaga, ta zo har gona. Ta ce Mahmud mijinta ne, gudun hijira ya raba su, kuma ita da mata shida a Assaga da wayarki suke jin muryar mazajensu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ashe mai gyaran ma yana saurare. Shi ya baza saƙonnin, har ana kunna su a tasha da sunanki. Ni na buɗe masa ƙofa. An goge wayar tas, an sa sabbin lambobin sirri, amma bakin mutane ba ya goguwa.

Har yau ina kishi. Shekara biyar Mahmud bai ga matarsa ba, bai taɓa zargin ta ba. Ni kullum kina gabana.

Ki dawo don Allah. Na liƙe ambulan ɗin nan sau biyu, don tsoron kada direban da zai kai miki ya karanta abin da ke tsakanina da ke.

Mijinki,
Zubairu