Man Gyaɗa a Keken Fatsar Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, makwancinki da haske da sanyi. Mu nan Dandamisa lafiya lau, an kai masara gida, rake ya fara shiga kasuwa. Sai dai kewa, ita kam ba ta da kaka ba ta da rani.

Na san ba karanta wannan za ki yi ba. Ko kina raye ma cewa za ki yi in karanto miki kina tankaɗe. Amma ƙara na kawo, kuma ke ce wadda ake ƙara, don haka ki saurara.

Baba dai tun da kika tafi bai koma daidai ba. Bayan an yi arba'in hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Ƙafar ta dawo, alhamdulillahi, hannun ne ya yi nauyi. A asibiti suka ce ya riƙa motsa shi, ya riƙa fita yana takawa, in ba haka ba zai sandare. Kin san mutuminki. Suka ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne, ya cilla wa akuya. Tuwo sai ya taɓa ya ture. In na yi magana ya ce, "To me ya rage?" Wallahi Inna tsoro ya kama ni, don gani nake yana shirin bin ki tun ba a kira shi ba.

Abu ɗaya ne kawai yake ɗauka da kansa, keken fatsarsa. Ɗan injin nan mai naɗe zare da ya sayo a gwanjo lokacin da yake tuƙa motar rake zuwa kudu, wanda duk ƙauyen nan ba mai irinsa. Sai ya ɗora shi a cinya, ya kama hannun keken da hagunsa ya gwada juyawa, abin ya ƙi, ya yi tsaki ya ajiye. Gobe ya sake ɗauka. Nan na ce a raina, in dai keken nan ya juya, Baba zai tashi.

Kin tuna tsiyar da kike masa in ya dawo daga dam? Tun daga zaure za ki ɗaga murya, "Mai keke ya dawo, a ɗora babbar tukunya!" Sai ya zazzage 'yan karfasa a kwano, ki ɗauki ɗaya da yatsa biyu ki ce, "Malam, wannan ai sai a mayar wa uwarsa, tana can tana cigiya." Ya yi ta faɗa, ki yi ta dariya, ki kuma soya su tsaf ki zuba masa a kan tuwo, ko ƙaya ba kya taɓawa.

Kin kuma tuna shekarar da mariƙin hannun keken ya fashe? Ya zagaya Ikara, ya je har Zariya, bai samu irinsa ba. Rannan sai kika kwance mariƙin katako na injin taliyarki kika miƙa masa. Kika ce ba don komai ba ne, don ya daina zame miki a tsakar gida yana tsaki ne. Daga nan tsumma kike naɗawa a tsuran ƙarfe kina murza taliyar sayarwa, har tafin hannunki ya yi kanta. Ina gani, ban isa in ce komai ba.

To ga ƙarar. Na lallaɓa Baba ya yarda in kai keken gyara, amma da sharaɗi: ba zai kwana a waje ba. Ranar kasuwar Makarfi na kai wa Malam Ado mai gyaran keken ɗinki. Yana buɗe cikin ya kai hanci, ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya soya ƙosai a nan?" Inna! Man gyaɗa ne dam, ya bushe ya zama ƙaro, ya liƙe haƙoran injin gaba ɗaya. Nan take na gano ki. Ke da kike ɗiga wa injin taliya man gyaɗa saboda abinci ke bi ta ciki, ashe in Baba ya fita sai ki ɗiga wa nasa ma, kina ganin gata kika yi masa. Na yi dariya a rumfar nan har hawaye, daga baya kuma na rasa na dariyar ne ko na mene ne.

Malam Ado ya baje kayan a faranti ya nuna min. Boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa shi juyawa, ya ci, yana ƙara. 'Yan faya-fayen birki, masu sassauta zare in babban kifi ya fizga don kada ya tsinke, sun suɗe. Zaren ya mutu, ja ɗaya zai katse. Hannun kuma yana lilo. Ga shi kayan sai an nemo su ɗaya bayan ɗaya, keken kuma dole ya koma gida kafin magariba, ke nan kowace kasuwa aiki ɗaya. Na ce to da me za mu fara? Bai yi wata-wata ba ya ce hannu. Ya ce katakon nan ba nasa ba ne, ya yi nauyi, mai raunin hannu roba ta fi masa. Gaskiya maganarsa ta shige ni. Ya ɗauko wani baƙin hannu sabo fil, na ce bari in kai wa mai abu ya gani tukuna.

Na ajiye sabon hannun a gaban Baba ina ta zuba bayani kamar ɗan talla. Bai ko taɓa shi ba. Ya ce, "In ka cire wancan, ka haɗa duka ka kai wa 'yan gwangwan." Ya juya fuska bango.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauki keken na fita zaure ina mita, ni da nake wahala a kan mashin, a ce ko sannu babu. Ina zaune ina jujjuya mariƙin nan a hannu sai na ji babban yatsana ya faɗa wani ɗan lotso a jikin katakon. Wurin ya yi sumul, ya yi baƙi. Yatsanki ne ya fara cin sa shekara da shekaru, nasa ya zo ya ƙarasa. Ashe shi ba keke yake ɗauka kullum ba, nan yake sa yatsansa. Inna, kewarki ta taso min a wurin nan.

Da kasuwa ta zagayo na ce wa Malam Ado a bar hannu, daga ciki za mu fara. Ya ce ni da abina. Muka wanke man gyaɗanki da kananzir, ki yi haƙuri, aka sa giris. Kasuwa ta gaba aka sa sabon boris, don shi ne zai sa abin ya yi sauƙin da hagun Baba zai iya. Sannan birki, don hannu mai rauni ba ya kokawa da tarwaɗa, gara keken ya yi masa. Zare ne na ƙarshe, shi kam ko a Hunkuyi akwai. Hannun nan mai katakonki kuwa wani ɗan zoben ƙarfe, washa, aka sa masa aka ɗaure noti, lilon ya tsaya.

Ranar da aka gama na miƙa wa Baba. Ya sa yatsa a wurin nan, ya tura. Abin ya juya sulululu. Ya sake. Ya daɗe yana juyawa, zaren yana hawa kwarkwaro, ni kuma ina kallon yatsunsa suna motsi. Can ya ce, "Akwai tana a fadama kuwa yanzu?"

Jiya da hantsi na goya shi a mashin muka je dam. Daga bakin hanya da ƙafarsa ya taka, ya ce kada in riƙe shi. Ya jefa da dama, ya naɗe da hagu, a hankali, yana cije leɓe. Har rana ta fara zafi ba ko motsi. Sai kuwa sandar fatsar ta lanƙwasa, ya yi ta naɗewa, gumi na zuba, ni ina ihu kamar giwan ruwa za mu fitar. Da ya fito, karfasa ce, ko tafin hannuna ba ta kai ba. Ya riƙe ta yana kallon ta. Sai ya ce, "Kai, mayar wa uwarsa, tana can tana cigiya." Ya yi dariya, Inna, dariyar da rabona da ita tun kina nan. Muka sake ta ta tafi.

Da muka dawo ya ce in kawo masa man gyaɗa a murfin kwalba. Na ce haba Baba, da ƙyar fa muka wanke wancan, in dai za a shafa, a katakon kawai. Ya ce, "Na ji. Ita ma haka nake gaya mata, ba ta ji." Na ce au, dama ka sani? Ya ce, "Ba ni da hanci ne?" Ya dangwala da yatsan hagu ya shafa wa mariƙin, ya goge da bakin rigarsa. Tuwon rana kuwa ya cinye tas, har yana cewa miyar ba ta kai taki ba. Ya ce jibi in nemo tana da yawa.

Don haka na janye ƙarata. Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yafe miki, Ya saka miki da Aljanna Firdausi a kan kowace kanta da ta fito a hannunki saboda mu. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya bar mana shi tukuna, ki ɗan ƙara haƙuri. In lokaci ya yi, Allah Ya haɗa ku inda ba rabuwa, ki ci gaba da tsiyarki daga inda kika tsaya. Amin.

Wassalam. Ni ne ɗanki na fari, wanda kunya ta hana ki kiran sunansa har kika koma ga Allah,

"Wancan yaron."