Bangon Babban Zaure

Daren Alhamis, watan Maris 1981

Har yau ban yafe wa gidan sarautar nan ba. Da Nasara suka nemi ɗan sarki a lakwal ɗin Madawa, wato makarantar boko, ni aka miƙa a madadinsa, ni ɗan maginin fada, daidai lokacin da ya kamata in fara kwaɓa ƙasa a bayan Baba.

Yau samari daga Yamai sun baje zane-zanensu a babban zaure, aka kira ni in fassara wa Sarki jawabin kumandan, babban jami'in gwamnati na yankinmu. Aikinsu bai yi muni ba, wallahi. Na daɗe a gaban hoton wata mata a bakin rijiya. Sai da na ɗaga ido na gane abin da ke damuna tun shigowata. Bangon ya yi sumul. Adon da Baba ya ɗora da yatsunsa an kankare shi, an shafe da siminti, wai don hotunan su zauna daidai.

Na durƙusa na yi magana a kan bangon. Sarki ya yi dariya, ya kira ni Mushe, kamar yadda ake kiran waɗanda suka yi lakwal.

"Haba Mushe, mi na abin damuwa? In sun kwashe kayansu ka maida muna shi. Ba ɗan magini kake ba?"

Fadawa suka ce, "Gaskiya, ranka shi daɗe."

Da na dawo gida na kwaɓa laka a bayan ɗaki, na gwada. Ko lanƙwasa ɗaya hannuna bai sani ba. Baba ya rasu bai koya wa kowa ba. Adon nan ya tafi ke nan.