Dankalin da Ya Kwana a Sanyi

Lampa, 9 ga Yuni

Zuwa ga maƙwabcina Nicanor Ticona,

Kompadre, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da matarka Basilia. Na koma ga takarda ne tunda ka daina amsa gaisuwata, ko da yake katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ina jin tarinka kowace safiya.

Jiya da yamma dankalin da ka harbo ya tsallako katanga ya sami karena Kapitan yana kwance a rana. Ba zan rage maka komai ba, tunda aikinka ne. Ƙashin bayansa ya karye. Ya jawo ƙafafunsa har bakin ƙofata yana kuka kamar jariri, ni kuma na ɗauko shebur na ƙarasa abin da ka fara. Sai da na maimaita bugu, don na farko bai ƙarasa shi ba.

Na koyar da tarihin yaƙe-yaƙe har na yi ritaya, amma ban taɓa cin karo da janar ɗin da ya buɗe yaƙi da tsohon kare marar haƙora ba. Ka tuna ni na nuna maka yadda ake haɗa igwar nan: bututun roba, feshin gashin mata, da makunnin murhun gas. Mun ƙera ne don mu riƙa harbin tsaunin da ke bayan gidajenmu da dankali ranar Lahadi muna dariya. Sai gasa ta shigo, sai gori, ga shi yanzu har an zubar da jini.

Ka zagayo ka ce ka yi kuskure, mu sha giya, a wuce wurin. Ni na riƙe muku 'yarku Yesenia ranar baftisma, shi ya sa kake kompadrena, Basilia kuma komadrena, ba na son wasan nan ya ci ɗayanmu.

Ka gaida gida.
Eleuterio Apaza

Lampa, 12 ga Yuni

Farfesa,

Gaisuwa. Muna nan ba mu mutu ba.

Karenka ya shiga kicin ya cinye wa Basilia kuy, ɓeran gidan nan da take kiwo don naman biki, ka ce ɗabi'ar dabba ce. To wannan ma ɗabi'ar dankali ce.

Kuma ka daina yi mini wa'azi. Wa ya harbo albasa shekaranjiya ta fasa tagar kicin? Gilashi ya tsaga wa Basilia kumatu, sai da aka yi mata ɗinki. Na san hannunka, kullum hagu kake karkata. Takarda a hannu ɗaya, igwa a ɗayan, haka masu ilimi suke.

Na sayo bututu mai kaurin cinyata. Washegarin bikin San Juan da sassafe zan ɗebo cikin dankalin da muka baza a fili don cunyo, busasshen dankalinmu na ajiya, wanda ya kwana a sanyi ya zama dutse, in ɗura. Tankin ruwan da ke kan ɗakin littattafanka nake so. Ka kwashe su, ko ka bar su su yi wanka.

Sai ka ji ni.
Nicanor

Lampa, 15 ga Yuni

Kompadre,

Ina gaishe ka, ina kuma gaida Basilia, wadda ta rufe mini ƙofa da na je ba ta haƙuri. Ta yi daidai. Albasar tawa ce, rufin kwanonka na nufa.

Yanzu ka saurare ni, don wannan karon ba tsokana ba ce. Ɗanyen dankali bakin bututu ne ke yanka shi ya zauna daidai, ya kuma fita salin alin. Daskararre ba ya yankuwa. Sai dai ka dandaƙa shi ciki da sanda, ya toshe hanya. Robar kuma a sanyin safiyar Yuni ba ta fi kwalba ƙwari ba. Wutar da ta rasa hanyar gaba ta gefe take fita, a gefen kuwa fuskarka take. Ba kyakkyawa ba ce, na sani, amma ita kaɗai gare ka, kuma abin da ke bayanta bai kai yawan da za a yi asararsa ba.

In tankin kake so, na ba ka. Ka harbe shi da tsakar rana da ɗanyen dankali, ni da kaina zan nuna maka inda ya fi rauni.

Allah ya huci zuciyarka.
Eleuterio

Lampa, 17 ga Yuni

Farfesa,

Gaisuwa. Tun muna samari kake yi mini dariya da manyan kalmomi, yau kuma ka zama uwata. Na karanta wa direbobi takardarka a tasha. Sun ce farfesa ya jiƙe tun tanki bai fashe ba.

Ka tashi da wuri ka sha kallo.
Nicanor

Juliaca, 28 ga Yuni

Kompadre Eleuterio,

Ina gaishe ka da sunan Allah, daga bakin gadon asibiti nake rubutowa. Na gode da ka ɗaure wa Nicanor hannu da bel ɗinka, ka kuma samo mana mota. Likita ya ce ba don haka ba da jininsa ya ƙare a hanya. Yatsu uku sun tafi. Sun ciro ɓaraguzan roba daga wuyansa da goshinsa. Idon dama ba su ce komai ba tukuna.

Ina tsaye a ƙofar kicin a safiyar nan, na ga komai. Na ga ka leƙo ta kan katanga lulluɓe da bargo kana cewa, "Nicanor, don girman Allah ajiye abin nan." Ya ce, "Sauka, Farfesa, ko in sauke ka." Kai kuma bakinka bai iya haƙuri ba, ka ce, "Kai da tsauni guda ma kake kuskurewa?" Sai na ga bakin bututun ya bar tanki ya sauko daidai ƙirjinka, sannan ya danna makunnin. Kai ma ka gani, ido cikin ido kuke. Da robar ba ta tarwatse a hannunsa ba, da yau gawarka muke maganar binnewa.

'Yan sanda sun zo nan. Na ce musu ina ciki ina hura wuta. Gobe wurinka za su je. Jiya Nicanor ya ce mini, "Tsohuwa, me zai gaya musu?" Na ce, "Ka tambayi dankalinka."

Ba na roƙonka, ba ni da bakin roƙo. Ka dai sanar da ni kafin su dawo.

Allah ya saka maka.
Komadrenka, Basilia

Lampa, 30 ga Yuni

Komadre,

Ina amsa gaisuwa, ya mai jiki?

Sun zo. Na ce musu tanki ya nufa, kuma ban sa tabarau ba a safiyar. Ƙaramin ya rubuta. Babban ya daɗe yana duban tabaran da ke kan hancina, sannan suka sha shayin ganyen koka suka tafi.

Na wanke muku tsakar gida, ina kuma ba kaji hatsi. Na tsinci yatsu biyu na binne a gindin katanga, na ukun ban gan shi ba. Tawa igwar na sassare ta da gatari.

Ki gaya masa magina za su zo ranar Litinin su ƙara wa katangar tsawo. Kada ya rubuto.

Allah ya bar masa idon.
Eleuterio