Abin da Ya Faɗo daga Rariya

Dumega, 4 ga Yuni

Yaya Naziru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar Baba da ka sani.

Rariyar da ka aiko ta iso, Allah ya saka da alheri, har ta yi aikinta na fari. Ka tuna faƙon nan na yamma da gari, inda ko akuya ba ta tsayawa? Mutanen furoje, masu aikin farfaɗo da ƙasa, sun sa mun haƙa ramukan rabin wata a ciki don su tare ruwa, aka ce kowane gida ya kawo irin haki. Baba kuwa tun kaka yake jan ƙafa zuwa bakin tsohuwar maƙabarta, inda dabbobi ba sa shiga, yana sharo iri. Buhu biyu ya tara. Duk don ƙudan zumansa ne. Amya uku kaɗai suka rage masa, ya ce in fure ya dawo faƙon za su zauna.

Da na buɗe buhunan, wallahi kunya ta kama ni. Rabi yashi ne da baƙin datti! Ni Zuwaira, da ko tsakuwa ɗaya ba a taɓa tauna a tuwona ba, in kai wannan gaban matan gari? Na rairaye shi tas, irin gamba ya fito fes, na watsar da dattin a kwazazzabon bayan gida. Ban gaya wa Baba ba, kada ya ji kamar na raina aikinsa.

A gaida Yaya Lubabatu.

Ƙanwarka,
Zuwaira

Dumega, 9 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan yara sun warware daga zazzaɓin damina. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Gamba ta fito a ramukanmu, ta yi cunkus har ƙugu, kowa na yabo. Amma babu fure ko ɗaya. Amya biyu sun tashi, saura ɗaya, ita ma ƙudan sun ragu. Baba yana zuwa ya tsaya cikin gambar yana dube-dube, ya dawo gida. Jiya ko furarsa bai sha ba.

Hindatu, ma'aikaciyar furoje, ta zo zagaye. Ta yi mamaki, ta ce irin maƙabarta ba ya fitowa haka shi kaɗai. Ta ce irin gadagi da doddoya da yaryaɗi ƙanana ne, baƙi-baƙi, cikin yashi suke ɓuya, kuma gamba in ta samu fili ita ɗaya ba ta barin kowa ya ɗaga kai. Yaya, nan take na ruga kwazazzabon, ruwa ya wanke wurin ƙal.

Da hannuna na zubar da wahalar tsohon nan ta wata da watanni, kuma gwiwarsa ba za ta sake kai shi maƙabarta ba. Amyar da ta rage ita ce wadda ya ɗaure shekarar da Inna ta rasu. In ta tashi, ban san da wane ido zan dube shi ba. Sau uku ina kai masa ruwan alwala da niyyar in faɗa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ka taya ni da addu'a, kuma don Allah kada ka riga ni gaya masa.

Taka,
Zuwaira

Dumega, 2 ga Oktoba

Yaya Naziru,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na kuma ji faɗan, na cancanta.

Ranar Juma'a da hantsi na daure na durƙusa gabansa na faɗi komai. Sai ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka bi kwazazzabon a hankali, ina riƙe da hannunsa, har inda ruwa ke bajewa gindin kalgon nan. Yaya, fure ne ko'ina! Gadagi, doddoya, yaryaɗi ya naɗe kalgon, ƙudan zuma sai gunji suke. Amyar Inna kuwa tana ɗaure a reshe.

Ashe kwana goma ke nan da ya bi ƙudan suka kawo shi nan, ya sa aka matso da amyar. Tun a lokacin ya gane komai, ya yi shiru yana jira in faɗa da bakina. Na yi kuka har ya gaji da ni. Ya ce, "Uwarki ma haka take, ba ta iya ganin abu ta bar shi da dattinsa."

Mun shirya da Hindatu. Baɗi za mu rage gambar, mu bar ta a bakin ramukan ta riƙe ƙasa, furen ya samu tsakiya. In irin ya bushe ni zan share gindin kalgon, Baba yana zaune yana nuna mini da sanda.

Rariyarka tana nan, zan sake aiki da ita. Amma bana abin da ya faɗo ƙasa shi zan ɗure a buhu.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka zo da kaka ka sha zuma.

Ƙanwarka,
Zuwaira